Abin da Na Ƙi Faɗa a Ɗakin Duba Ido

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga Anka, zuwa ga babban ɗana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune lafiya a Gummi, kai da iyalinka da kayan aikinka. Allah ya tsare muku hanya gaba da baya, ya kau da idon miyagun daji daga kanku, ya sa ka buɗe shagon gyaran injin ban-ruwan nan a sa'a. Amin.

Ladi ɗiyarka, wadda ka bar mana, ita ke rubutawa, ni ina faɗa. Ka san halin da idona ke ciki. Na ce mata duk abin da ya fito bakina ta sa shi yadda yake, kada ta gyara, kada ta tsallake. Ta amsa da to, murya can ƙasa. Na zaɓe ta ne don babu kunya tsakanin kaka da jika. Tsakanina da kai kuwa kunyar ta yi yawa har ta ci mini ido. Innarka ce za ta cusa takardar a jakarka, don ba zan iya miƙa maka ita hannu da hannu ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Shekaranjiya da safe ka zo gaishe ni. Ka matso kusa don in gane ka da idon da ya rage, sai na ji warin bakinka. Warin ɗaci ne haɗe da kanwa da tafarnuwa. Na san shi kamar yadda na san warin ɗakina, don na sha wannan ruwan ya fi a ƙirga. Maganin mai lasifika ne na kasuwa. Kuma tun da gani ya ragu, kunnena ya ƙara kaifi. Ina jin ƙarar butarka. Ka shiga makewayi ka daɗe, ka fito, kafin a gama dama kunu ka sake komawa. Kana tsammani don ba na gani sosai ban sani ba? Kai da ka ɗauke ni a babur ka yi yawon asibiti da ni, kai da ka ga abin da ya same ni da idonka biyu masu lafiya, yau kai ne ke ɓoye kwalba a bayan buhun gero. Ban ce maka komai ba a ranar. Na amsa gaisuwarka, na ce Allah ya yi albarka, ka tashi. Daga nan na gane har yanzu halina bai canza ba, shi ya sa na kira Ladi da biro.

Ni ma haka nawa ya fara. Fitsari ya riƙa wahalar fita. In na tsuguna sai na yi ta jira, in ya zo ya zo siriri, in na tashi kuma ya ɗigo mini a wando. Na daina riƙe alwala. Ni da nake sahun gaba a masallacin unguwarmu, na koma sahun ƙarshe kusa da ƙofa, mutane suna cewa tawali'u ne. Innarka ce ke wanke kayana, ita ta fara gani. Wata rana tana shanya ta ce, "Malam, wanga abu na wandonka ya fara yawa. Ko za ka je a duba ka?" Na daka mata tsawa. Na ce mi ya kai bakinta ga maganar maza, ta yi wankinta ta yi shiru. Matar da ta fi kowa sanin jikina, na rufe mata baki don ta faɗi gaskiya.

To kai, idan matarka ta ce ta ga wani abu a jikinka, ka zauna ka saurare ta. Ba raini ba ne. Na tabbata uwar Ladi ta riga ta gani, tsoronka ne ya hana ta magana. Kai za ka fara yi mata maganar.

Da abin ya dame ni, maimakon asibiti sai na tafi wurin mai lasifika. Ka san irinsu, mota ɗaya, kwalabe jere a kan tabarma, bakinsa ya fi maganinsa ƙarfi. Abin da ya ja ni gare shi shi ne ba sai na yi bayani ba. Yana ta ihu da kansa yana lissafo ciwona a bainar jama'a, ni dai in miƙa hannu in karɓa in sa a aljihu. Na raɗa masa kalma biyu, ya ce, "Sanyi ne, Baba, da ɗan basir. Kwalba guda ta ishe ka." Da ta ƙare na koma, ya ce sanyin nawa tsoho ne, sai an ƙara. Haka na yi ta ƙarawa damina da rani. Mutumin nan bai taɓa taɓa jikina ba, bai taɓa tambayar shekaruna ba. Kwalba ɗaya yake ba mai ciwon ciki da mai ciwon haƙori da matar da ke neman haihuwa. Allah ya isa tsakanina da shi. Amma shi kasuwarsa yake ci, ni ne na kai kaina da ƙafata, har ina godiya.

Ka zubar da kwalbar nan. Kada ka kai ta Gummi, kada ka ba wani. Duk wanda zai sayar maka da magani bai duba ka ba, lokacinka yake ci, kuma lokacin nan shi ne abin da ba a mayarwa.

Daga baya sai ciwon baya ya shigo, da ciwon ƙugu. Ba irin na gajiyar noma ba, wanda in ka kwanta yake sauka. Wannan ko na kwanta yana nan yana ci. A nan ne na yi kuskuren da na fi jin haushinsa. Ka tuna shekarun da nake da injin niƙa a wajen Yargalma, lokacin da kowa ya bar niƙan hatsi ya koma niƙan dutsen zinariya. Na shaƙi ƙurar nan mai gubar dalma iya shaƙa. Da na yi kukan baya a majalisarmu ta ƙofar gida, abokina Ɗan Ige, wanda muka yi aikin injin tare, ya ce, "Kai ma da neman magana. Mi kake tsammani? Dalma ce ta taso maka. Duk wanda ya niƙa dutsen nan sai ta biyo shi." Sauran suka ce ƙwarai, dalma ce. Wani ya ce in yi ta shan madara.

Wallahi daɗi na ji. Ciwon dalma ba abin kunya ba ne a ƙasarmu, kana iya faɗinsa a gaban surukinka. Sai na ɗauki fitsarin da bayan da ƙugun na zuba su duka a kan dalma, na huta. Ko gwajin dalmar ban je an yi mini ba. Dalma gaskiya ce, ta kashe ƙananan yara a ƙauyukan nan, mun yi jana'izarsu da hannunmu. Amma mu tsofaffin banza mun mai da ita mayafi, kowa ya ja ya rufe ciwon da yake jin nauyin faɗi. Wanda ƙafa ta kumbura, dalma. Wanda ya rame, dalma. Kunyar wannan nake ji yanzu, ba kunyar fitsari ba.

Kai ma ka yi aiki a gindin injin nan kana saurayi, saboda haka na san za a ce maka dalma ce. In kana zargin dalma, ka je a gwada jininka a gaya maka. Kada majalisa ta raɗa wa ciwonka suna. Ɗan Ige mutumin kirki ne, amma ko ciwon akuya bai sani ba.

Sai maganar ido. Wata ranar kasuwa da hantsi ina zaune a zaure, Innarka ta fito da ƙwaryar fura, sai na ga mata biyu da ƙwarya biyu. Na miƙa hannu na kama iska. Ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce wasa nake. In na rufe ido ɗaya sai ta koma mutum ɗaya, in na buɗe ta rabu biyu. Ba a jima ba fatar idon hagu ta sauko ta ƙi ɗaguwa, sai na sa yatsa. Ƙwayar idon ta tsaya wuri ɗaya, ba ta bin 'yar'uwarta. Kuncina na wannan ɓangaren ya yi nauyi kamar ba nawa ba, ga ciwon kai a bayan idon. Ɗan Ige ya ce dalmar ce ta hau kai, ya san wani mai maganin ido a wani ƙauye ta wajen Bukkuyum. Muka je ba tare da na gaya maka ba. Mutumin ya buɗe idon da yatsunsa, ya hura mini wani gari ta cikin kara, ya ce in na ji zafi maganin ne ke aiki. Na ji zafi kuwa. Idon ya kumbura ya yi ja, yana ta ruwa, matan nan biyu kuma suna nan yadda suke.

Kada ka bari kowa ya zuba maka wani abu a ido in ba a asibiti ba. Kuma duk ranar da ka ga abu ɗaya ya zama biyu, ko fatar ido ta faɗi, ko gani ya dushe a ɓangare ɗaya, a ranar za ka tafi, ba sai an gama girbi ba.

Kai ne ka gaji da kallona ka ɗora ni a babur ka kai ni ɗakin duba ido. Yanzu na zo kan abin da ya sa na rubuta maka. Kana wurin, amma ba ka san abin da ke cikin raina ba.

Ka tuna ma'aikaciyar jinyar nan, Kirista, baƙuwa daga wata jiha, mai Hausa a hankali. Ta haska mini fitila, ta ce in bi yatsanta da ido, dama da hagu, sama da ƙasa. Ta auna jinina, ta duba suga, ta ce duka lafiya. Sai ta ajiye fitilar ta ce, "Baba, ƙwayar idonka ba ta da laifi. Jijiyar da ke juya shi ce wani abu ya taɓa. Kana ciwon baya?"

Na ce ina yi, dalma ce.

Ta ce, "To, yaya fitsari? Yana fita daidai?"

Kana tsaye a bayana, hannunka a kan kujerata. Kai ne ɗan farina. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa cin abinci a kwano ɗaya da kai ba, ko ɗaukarka ban yi a gaban mutane ba. Haka muka tarar, haka muka yi. Sai ga ɗiya mace, sa'ar ƙanwarka, tana tambayata abin da ke cikin wandona a gabanka. Jinina ya hau. Na ce, "Ke ɗiyar nan, ido na kawo miki. Mi ya haɗa ido da wagga magana? Ba a koya muku ladabi a garinku?"

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, da dalili na tambaya. Ko ɗanka ya ɗan fita?"

Na ce, "Ba inda za shi. Lafiyata lau."

Ƙarya na yi, kuma kai ka san ƙarya ce. A hanyar zuwa sau nawa na taɓa kafaɗarka ka tsaya na shiga bayan icen kargo? Kowane tsayi sai ka juya baya ka kama duba tayar babur, tayar da ba abin da ya same ta. Da na ce lafiyata lau, ka sunkuyar da kai ka yi shiru. Ina jin haushina a kan ƙaryar, ina jin haushinka a kan shirun, ko da yake ni na koya maka shi. Duk da haka yarinyar ta ce lallai mu wuce babban asibiti a birni a ɗauki hoton kaina, kada mu yi jinkiri. Muna fita na ce maka sai an kai amfanin gona gida. Ka ce to. Da ka yi mini gardama a ranar, da na zage ka, amma da wataƙila yau da idona nake kallonka.

Ka san sauran. Kafin a gama sussuka ganin idon hagu ya dushe ya ɗauke. Sai ranar da fitsari ya tsaya cak, marata ta kumbura, ina ihu kamar yaro, maƙwabta suna leƙe. Abin da na ɓoye wa mutum ɗaya a cikin ɗaki, unguwa duka ta ji shi. Aka sa mini roba, na shiga birni da jakar fitsari a ƙarƙashin riga, kai kana riƙe da ita in za mu hau mota. Ina kunyar ta tafi a ranar?

Likitan birni ya yi mana bayani, amma na ga hankalinka ba ya jikinka, bari in maimaita maka. Kowane namiji yana da wani ɗan nama kamar goro a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta bi. In an manyanta yakan kumbura ya matse hanyar. Sau da yawa kumburi ne kawai, ana maganinsa. Wani lokaci kuma ciwon daji ne, kamar nawa. In an bar shi, sai ya bi jini ya shiga ƙashi. Nawa ya shiga ƙashin baya da ƙugu, ciwon da na ɗora wa dalma ke nan. Daga nan ya hau har ƙashin gindin ƙoƙon kai, inda jijiyoyin ido ke ratsawa ta 'yan ƙananan ramuka, ya danne su. Kai makanike ne. In ruwa ya ƙi fitowa a bakin tiyo, ka san ba bakin tiyo za ka tsaya dubawa ba, baya za ka bi. Abin da yarinyar nan ta yi ke nan, ni kuma na zage ta. Likitan ya ce ba kowane mai ganin abu biyu ke da ciwon daji ba, suga da hawan jini ma suna kawo shi. Amma dattijo mai wahalar fitsari da ciwon baya, in idonsa ya karkace, ba a jira. Bai yi mini alkawarin komai ba. Ya ce dai da na zo lokacin da aka ce in zo, da akwai abin da za su gwada kafin jijiyar gani ta mutu. Yanzu allurar da ake yi mini ta kwantar da ciwon, ina samun barci, alhamdu lillahi, amma idon ya tafi.

Bayan mun dawo na sa Ladi ta ja ni zuwa wurin ma'aikaciyar na ba ta haƙuri. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ba kai ne na farko ba. Wani har sandarsa ya ɗaga mini." Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ashe muna da yawa, kowa yana tsaron mutuncinsa har ya kai shi kabari.

Akwai abin da likitan ya tambaya kana waje wurin karɓo magani. Ya ce ko akwai wanda ya yi irin wannan ciwo a gidanmu. Na tuna mahaifina, kakanka, wanda aka sa maka sunansa. Ba ka san shi ba. Ya yi shekaru yana fama, da gwangwani a ƙarƙashin gadonsa, ni nake zubarwa da safe ba mu haɗa ido. A ƙarshe ƙafafunsa suka mutu. Da ya rasu aka ce ciwon tsufa ne. Bai taɓa gaya mini komai ba, don ni ma ɗan farinsa ne. Likitan ya ce abin yana bin jini. Wanda ubansa ko ɗan'uwansa ya yi shi, ya kamata ya fara zuwa gwaji tun yana da ƙarfinsa, ko ba ya jin komai, balle wanda ya fara ji. Kai ka haura arba'in, kuma ka fara ji.

Ga yadda gwajin yake, don kada wani ya tsorata ka da shi. Za su ɗebi jini kaɗan a hannunka. Sannan likita zai sa safar hannu ya duba naman nan da yatsa ta dubura. Na ji biron Ladi ya tsaya. Rubuta, jikanya, yadda na faɗa, ubanki ne kuma ransa muke nema. Abin ba ya daɗewa, kuma ba ya rage wa namiji komai. An yi mini, ga ni nan, har yanzu ni ne maigidan Innarka. In sun tambaye ka, ka faɗi komai, har abin da ba su tambaya ba. In mace ce ke dubawa, ka amsa mata kamar yadda za ka amsa wa namiji. Wataƙila naka kumburi ne kawai, ko wani ƙaramin ciwo. Ina roƙon Allah ya sa haka ne. Amma likita ne zai faɗa, ba kai ba, ba ni ba.

Ka ce in ka zauna da gindinka za ka riƙa aiko mana da shinkafar Gummi. Ka riƙe shinkafarka. Na gaya wa Innarka, ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga tukunyar gidan nan ba sai ka kira ni a waya, ni da kaina ba ta bakin kowa ba, ka ce mini ka je an duba ka, ga abin da aka ce. In buhu ya riga kiran zuwa, a motar da ta kawo shi zai koma. Ka san ni.

Ban ce ka watsar da kunya ba. Ka girmama manya, ka sunkuya inda ake sunkuyawa. Amma in jikinka ya yi magana, ka buɗe baki. Kuma ɗanka na fari yana tasowa. Kada ka jira sai ka makance kafin ka yi masa magana kamar mutum.

Allah ya kiyaye ka a hanya da masauki. Allah ya haɗa ka da maƙwabta nagari da abokan ciniki masu amana, ya tsare ka daga sharrin dare da rana, ya ba ka lafiya mai amfani, ya bar maka idanunka har tsufa. Innarka tana gaishe ka, tana kuma goyon bayan maganar shinkafa. Ladi tana gaida uwarta da 'yan'uwanta.

Saura abu ɗaya. Sunan mahaifina na ba ka, shi ya sa nauyinsa ya zame mini biyu, ban taɓa iya furta shi ba. Sunan kawai na ba ka, ban yarda ka gaji irin mutuwarsa ba. Yanzu na furta shi, Ladi ta ce in maimaita, wai ba ta tabbata ta ji ni daidai ba. Ta ji daidai.

Haruna. Haruna ɗana, ka je asibiti.

Wassalam. Ni ne mahaifinka.